Wasiƙa zuwa ga Yaya kan gidajen hayar da za a gina

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da iyali baki ɗaya. Nan ma lafiya lau, sai kewar gida. Na ga zanen gidajen hayar da ka turo, na kuma ji ana shirin fara buga bulo. Don Allah a ɗan dakata.

Wa zai zauna a ciki? A zagaya unguwar a tambaya: masu neman haya sababbin aure ne, ko ma'aikata marasa iyali, ko masu yara da yawa? Nawa suke samu a wata? Ma'aunin da masu tsara gidaje suka fi aiki da shi shi ne kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Daga nan ake lissafo girman gidan da ya kamata a gina. Zanen nan ɗaki uku ne da falo biyu. In ciki da falo mutanen suke iya biya, gidajen za su zauna a kulle, gizo-gizo na yin saƙa.

A takarda ake samun arha, Yaya. A sa mai zane ya mayar da ginin kusurwa huɗu, ya cire lunguna. Kowace kusurwa ƙarin bulo ce da rodi da yankan kwano, kuma a kwarin da rufi biyu suka haɗu yoyo yake farawa. A jera gidajen biyu-biyu su yi tarayya a bango ɗaya. Kicin da banɗaki su ba juna baya, bututu ɗaya ya ishe su. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, don ranar yamma ce take dafa ɗaki. Tagogi su fuskanci juna iska ta ratsa, bakin rufi ya fito kamar santimita 60.

Inda ba a tsumulmula kuwa shi ne ƙasa. A haƙa ramin gwaji kafin komai. In baƙar laka ce mai tsagewa da rani, tana kumbura da damina ta ɗaga gini, sai injiniya ya tsara harsashin. Daɓe ya ɗara titi da santimita 30 zuwa 45, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashinsa. In babu ita, danshi zai hau bango, filasta ta riƙa zubewa kamar gari, shekara-shekara ana fenti a banza.

Kankare: awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, da mazubi ɗaya, kada a yarda da awon shebur. Leburori suna son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi daɗin zubawa, alhali ƙarfinsa suke kashewa. A shayar da shi kwana 7 aƙalla, ƙarfin da ake lissafi da shi sai ya kai kwana 28. Rodi ya samu rufin kankare na santimita biyu da rabi, in ba haka ba ya yi tsatsa ya fasa linta.

Bulo inci 9, buhun siminti mai kilo 50 ya ba da kamar 30. Wanda ya buga 50 da buhu ɗaya yashi ya sayar maka. Ka ɗauki guda ka murza gefensa da yatsa, in ya zube a mayar masa da kayansa. Bango yana cin bulo kusan 10 a kowace murabba'in mita, da wannan za ka gane in an yi maka aringizo a lissafi.

Sokawe, wato ramin ruwan ƙazanta, ta yi nesa da rijiya da mita 30, ta kuma kasance a gangare da ita. A fitar da hanyar ruwan sama tun kafin katanga.

In kuɗin ba su kai duka ba, gara a gama gida biyu har ƙofa da taga, hayarsu ta taimaka wa sauran, da a tayar da shida su tsaya a linta damina na dukansu. A ware kashi 10 zuwa 15 na kuɗin don abin da ba a zata ba. Takardun fili da izinin gini kuma su zo hannu kafin tifar yashi ta farko.

Ka turo mini sabon zanen da hoton ramin gwajin in duba. A gaishe da Inna, ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙaninka