Masu sauya gida, kada ku zubar da tsohon ruwan kifinku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu ja hankalin masu ajiye kifin ado a tankin gilashi a nan Gombe. Sau da yawa kifi kan fara mutuwa 'yan kwanaki bayan an tashi daga gida, sai a ɗora wa hanya laifi. Galibi ba hanya ba ce, tsafta ce ta yi yawa.

A cikin soson na'urar tace ruwa da tsakuwar ƙasan tanki akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani, su ke cinye gubar amoniya da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci. In aka wanke soson da ruwan famfo, sinadarin kulorin da ke cikinsa zai kashe su. In aka bar shi ya bushe, haka nan. Ruwa zai yi garau a ido, amma guba na taruwa, sai a ga kifi yana tasowa sama yana haki. Don haka a jiƙa soson da tsakuwar a bokiti cikin ruwan tankin, a kuma ɗebi aƙalla rabin tsohon ruwan a jarka. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kalanzir ko sabulu ba ta aikin nan, kome wankin da ta sha.

A daina ba kifi abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, don kada ya ɓata ruwan ledar da za a ɗauke shi a ciki. Ledar kuwa kashi ɗaya cikin uku ruwa, kashi biyu iska, a ninka ta, a jera a cikin kula. Tarwaɗa da ire-irenta masu ƙaya bokiti mai murfi za a sa su, domin suna huda leda. A watan Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe iska sosai, saboda haka a kama hanya bayan sallar asuba. In tafiyar ta yi nisa, kamar zuwa Bauchi, a nemi famfon iska mai batir, wanda dama yana da rana in an ɗauke wuta.

Tankin kansa a kwashe komai kafin a ɗaga shi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 100 ya kai buhu biyu na siminti, ban da tsakuwa. Ko ɗan ruwa aka bari, gargadar hanya na iya buɗe gam ɗin da ya riƙe gilashin. A naɗe shi da bargo, kada a ɗora masa kaya.

In an isa, tanki ne farko, kujeru su jira. A aza shi inda ya daidaita, nesa da taga. A zuba tsohon ruwa, a cike da sabo. Ruwan famfo sai an sa masa maganin kashe kulorin, ko ya kwana a buɗe. A bar ledojin su yi yawo a saman ruwa minti 15 zuwa 20, ana ƙara musu ruwan tankin kaɗan-kaɗan, sannan a saki kifin. Ranar ba abinci, ba fitila. Mako biyu na farko a rage abinci, kada a ƙaro sabon kifi, in ruwa ya yi hazo a canza kashi ɗaya cikin huɗu.

Daga wasu masu sana'ar kifin ado,
Tudun Wada, Gombe.