A horar da masu binciken ƙwaƙwalwar yara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, musamman a Anka da Bukkuyum. To, waɗanda suka tsira fa? Dalma kan lalata ƙwaƙwalwar yaro tun tana girma, ta bar shi da farfaɗiya ko raunin fahimta. Da idona na ga yarinya rungume da allo, harafi ɗaya ya gagare ta, uwarta na hawaye tana cewa iska ce.

Ina roƙon TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati da kuɗi, ta ware guraben digirin digirgir kan binciken ƙwaƙwalwa a Jami'ar Bayero da ta Usmanu Danfodiyo, domin 'ya'yanmu su riƙa bibiyar lafiyar yaran nan shekara da shekaru.

Naku,
Mai karatu daga Gusau