Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Gidaje: Wa Ya Aiki Dillali?

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni ɗan haya ne. Gidan da nake ciki yanzu, da rana tsaka dillali ya kai ni, yana buɗe ƙofa yana duba agogo, wai mutum biyu na jira a bayana. Fenti sabo fil, har warinsa na hawa kai. Na murɗa famfon banɗaki, ya yi tari sau biyu ya ɗauke, dillali ya ce ai tanki ne ba a cika ba. Na dafa bangon ɗakin kwana na ji sanyi a tafin hannuna, amma na ja bakina, kada a ba wani. Ruwan farko ne ya tona asiri: fentin ya kumbura, ya ɓare, baƙin danshi ya fito.

Danshi dai ana gyarawa. Abin da ke ci mini rai shi ne, mai gida ne ya aiki dillalin nan, amma daga aljihuna la'adarsa ta fita, har da kuɗin gani tun kafin a murɗa makulli. Mutumin da ba zai samu ko sisi ba sai na sa hannu, yaushe zai nuna mini inda rufi ke yoyo? Ban ma ga laifinsa sosai ba, shi ma neman abinsa yake yi.

Wasu ƙasashe sun riga sun toshe wannan kafa. A Jamus, tun 2015 wanda ya ɗauki dillali shi ke biyansa, kuma kuɗin ajiya, wato wanda ɗan haya ke ajiyewa wurin mai gida saboda ko za a yi ɓarna, ba ya wuce hayar wata uku. Ingila ta hana karɓar irin waɗannan kuɗaɗe na dillali daga hannun ɗan haya a 2019, ta kuma tsayar da kuɗin ajiya a hayar mako biyar ga yawancin gidaje.

Roƙona, ranka ya daɗe, a kawo doka: wanda ya aiki dillali ya sallame shi. Sannan ranar karɓar makulli a zagaya gida tare, a rubuta halin da bango, famfo, ƙofofi da wayoyin lantarki suke ciki, a ɗauki lambar da mita ta tsaya, a haɗa da hotuna, mai gida da ɗan haya su sa hannu, kowa ya riƙe tasa takardar. Masu gida ma za su huta, don ba ƙarya ba ne, akwai 'yan hayar da ke barin gida kamar an yi yaƙi a ciki.

Ni ba ni da irin wannan takarda, rasit kawai aka ba ni. Saura wata bakwai hayata ta ƙare, kuma tuni mai gida ya fara aiko saƙo cewa ni na lalata masa bango, daga kuɗin ajiyata zai cire na fenti.

Na gode, a huta lafiya.

Wani ɗan haya