Roƙon Tallafi Domin Malamanmu Biyu da ke Aikin Sa-kai a Malawi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayen yara, malamai, tsofaffin ɗalibai da sauran 'yan'uwa, kwamitin makarantarmu ta Islamiyya ne ya zo muku da ƙoƙon bara. Da yawanku kun san malamanmu biyu, miji da mata, waɗanda suka tafi ƙasar Malawi aikin sa-kai da amincewar wannan kwamiti. Suna zaune a wani ƙauye a gundumar Mangochi, a kudancin Tafkin Malawi, cikin ƙabilar Yawo waɗanda galibinsu Musulmi ne. A ƙasar baki ɗaya Musulmi kusan kashi 14 cikin ɗari ne bisa ƙidayar 2018, amma a Mangochi su ne masu rinjaye. Babu mai biyan malaman nan albashi. Mu muka yi musu rakiya, mu muka ce su je Allah Ya tsare, muna nan bayansu.

Muna so ku ji yadda wuninsu yake, don ku san inda kuɗinku zai shiga.

Bayan sallar asuba Malama takan ɗauki bokiti ta bi layin mata a rijiyar burtsatse. Idan famfon na aiki, kafin rana ta fito ta dawo. Idan ya lalace, kuma yana yawan lalacewa domin shi kaɗai ne a unguwar, sai mutane su gangara tafki. Ruwan tafkin nan yana da kyaun gani, amma a gaɓarsa akwai ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini. Kuma mutanen yankin ba su manta da kwalarar da ta ɓarke a 2022 ta shiga 2023 ba, wadda ta kashe sama da mutum 1,700 a ƙasar, Mangochi na cikin gundumomin da ta fi yi wa ɓarna. Shi ya sa ranar da famfo ya tsaya Malama ba ta iya barci da kyau.

Da safe su biyun suna koyarwa a firamaren gwamnati, shi lissafi, ita Turanci. Tun 1994, lokacin shugaba Bakili Muluzi, aka soke kuɗin makarantar firamare a Malawi. Yara suka cika makarantu, amma ajujuwa da malamai ba su ƙaru daidai da su ba har yau. Ajin Malam a gindin bishiyar mangwaro yake. Da hadari ya haɗo, darasi ya ƙare ke nan. Ga kuma maganar harshe, wadda ita ce ta fi ba su wuya a watannin farko. Yaro yana jin Chiyawo a gida, ya zo makaranta ya tarar da Chichewa, babban harshen ƙasar, daga aji biyar kuma karatun ya koma Turanci, da shi zai rubuta jarrabawar fita a aji takwas. Malamanmu sai da suka zama ɗalibai tukuna. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ce ke zaunar da Malama kullum da yamma tana nuna mata tukunya, tsintsiya, kaza, tana faɗin sunansu har ta riƙe. Yanzu Malama tana iya yi wa yaro bayanin darasi da harshen uwarsa, kuma ta rubuto mana cewa daga ranar ne 'yan matan ajin suka fara ɗaga hannu.

Bayan azahar sai madarasa: Alƙur'ani, alwala, sallah. Da dare kuma, idan fitilar sola ta samu caji, manyan mata ne ke zuwa koyon karatu da rubutu. Mazan da yawa daga cikinsu suna ci-rani a Afirka ta Kudu, kuma burin matar shi ne ta karanta saƙon mijinta a waya da kanta, ba sai ta kai wa wani ya ji sirrinta ba.

Yanzu ga abin da ya sa muka rubuto. Lissafin da kwamiti ya yi lokacin tafiyarsu ya gaza, kuma kuskuren namu ne. A watan Nuwamban 2023 an karya darajar kwacha, kuɗin ƙasar, da kashi 44 cikin ɗari, kaya suka yi tsada. Kafin nan guguwar Freddy ta afka wa kudancin ƙasar a Maris ɗin 2023, sannan fari ya biyo baya a 2024, masara ta ƙi. Masara kuwa ita ce rayuwar ƙauyen, da garinta ake tuƙa nsima, wato tuwonsu, safe da dare. Daga Janairu zuwa Maris, kafin sabon amfani ya nuna, rumbuna sun zama wayam, yara suna zuwa aji da yunwa ko su daina zuwa, samari su bi masunta tafki. Mun gano a makare cewa malamanmu suna raba ɗan abin da muke aika musu suna dama wa yara kunu da safe. Har zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Malama, mijinta ya goya ta a keke zuwa asibiti, ba su gaya mana ba sai da ta warke. Ranar da aka karanta wasiƙar da suka gaya mana haka a zaman kwamiti, an daɗe babu wanda ya ce uffan.

Abin da ya fi gaggawa shi ne kunun safe na watannin yunwa, da kayan gyaran famfo da za a ajiye a hannun kwamitin ruwa na ƙauyen. Sai rufin kwano na aji ɗaya. Iyayen yara sun riga sun buga bulo sun gasa da hannunsu, kwano da katako da siminti ne suka gagare su. Bayan haka akwai batirin sola, littattafan rubutu, gidan sauro, magani, da kuɗin sabunta takardun zaman malaman.

Wasu sun tambaya ko za su kawo tufafi da littattafai. Allah Ya saka da alheri, amma muna roƙon a ba da kuɗi. Malawi ba ta da gaɓar teku, kaya sai sun sauka a Beira ko Nacala a Mozambik, ko Darussalam a Tanzaniya, sannan a ɗauko su a mota, kuma kuɗin jigila yakan wuce kuɗin kayan. Abin da aka saya a kasuwar can kuma ɗan kasuwar can ne zai amfana.

Wanda zai iya ɗaukar alƙawarin wani abu duk wata, komai ƙanƙantarsa, ya fi taimaka mana wajen tsara aiki. Ma'ajin kwamiti yana ofishin makaranta a ranakun karatu, kuma duk wanda ya bayar zai karɓi rasit. Duk ƙarshen wata za mu liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a allon sanarwa, tare da wasiƙar malaman. Damina a can tana farawa ne a watan Nuwamba, don haka muna son kuɗin rufin ya isa hannunsu kafin ƙarshen Oktoba.

Allah Ya karɓa daga gare mu da ku, Ya ba malamanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Kwamiti, a madadin shugaba da membobi