Ina aikin yi a ƙauyukan bakin teku?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan ƙauyukan bakin teku. Kamun kifi ne sana'arsu tun kaka da kakanni, amma yanzu masunci zai fita da kwalekwale tun asuba ya ƙone man inji ya dawo da abin da bai taka kara ya karya ba, don manyan jiragen kamfanoni sun riga sun share wajen da komarsu, yaransa kuwa suna ganin haka sai su tattara su nufi birni neman leburanci.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ce a 2022 dabbobin ruwa na kiwo sun zarce waɗanda ake kamowa yawa a duniya, karo na farko kenan. To aikin ya koma can, kiwo da sarrafa kifi, kuma mata ne suka fi yawa wajen sarrafawar. Amma ba wuta ba ɗakin sanyi, kifi ya kwana ya lalace. Otal-otal ɗin 'yan yawon buɗe ido kam ban yarda da su ba a matsayin hanyar samun aiki, wata uku ana aiki sauran shekara ana zaune.

Naku, mai karanta jaridarku kullum.