Yaro mai baiwa tsakanin masu duba da masu ƙaryatawa: ta ina za mu ɓullo wa iyaye?

Assalamu alaikum Hajiya. Ya aiki, ya iyali? Mu malaman firamare ne a ƙasar Argungu, muna neman shawararki kan yaran da Allah ya yi wa kaifin basira, waɗanda ake ja-in-ja a kansu.

Irin wannan yaro ba ya ɓuya. Yana shekara biyar zai fara harhaɗa karatu ba wanda ya zaunar da shi, ya ji aya sau biyu ya riƙe, yana aji uku yana yin lissafin 'yan aji shida da ka. Ga lura: ya dubi baƙo ya ce wa uwarsa rance ya zo nema, a kuma tarar haka ne. Daga nan sai a fara cewa "gaya masa ake yi". Kaka ko gwaggo ta kai shi wurin mai bugun ƙasa, a ce akwai mutanen ɓoye tare da shi, a lissafo turare da farin ƙyalle da jan zakara. Wani a cire shi daga makaranta wai kada baki ya kama shi. Mafi muni, a zaunar da shi a zaure ana tambayarsa wa ya saci akuya, ya ambaci suna, zumunci ya lalace.

Yadda mai duba ke dacewa ba wani sirri ba ne. Yakan bar mai rakiya ta fara zuba, sannan ya jefa maganar da ta hau kan kowa: yaron na firgita cikin barci, akwai mai hassada a dangi. In ya ga an gyaɗa kai ya ƙara, in ya ga an yi jim ya sauya hanya. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa bayanin halinsu, kowa na zaton nasa daban ne, alhali takarda ɗaya ce. Suka ba ta maki sama da 4 cikin 5 wajen dacewa da su.

Gwada ko yaro "yana gani" ba ya cin ko sisi. A samu kwanoni biyar iri ɗaya masu murfi, a jefa ƙuri'a a zaɓi wanda za a sa goro a ciki. Wanda ya sa ya fita ɗakin kafin yaron ya shigo ya nuna kwanon da goron yake ciki. A yi sau 20, ana rubuta kowane zagaye. Mai canki kawai zai ci kamar sau 4, shida ko bakwai ma ba abin mamaki ba ne. Inda gwajin ke lalacewa shi ne a bar wanda ya san amsa a ɗakin, domin yaro mai lura idonsa zai bi. Haka aka yi da wani doki a Jamus mai suna Hans da ake cewa ya iya lissafi, sai a 1907 aka gano motsin jikin mai tambaya yake karantawa. Sai kuma halin mutane na riƙe inda aka dace, su manta inda aka kuskure.

Amma Hajiya, masu ƙaryatawa ma da laifinsu, har a cikinmu malamai. Don sun ƙi maganar aljanu sai su ƙi baiwar gaba ɗaya, su ce iyayi ne. Yaro ya gama aikin aji cikin minti goma, zaman banza ya sa shi surutu, a sakanya masa da bulala. Alhali abin da yake bukata aiki ne na gaba da ajinsa, da littattafai, da a shirya shi ga jarrabawar da NECO ke yi ta shiga makarantar masu hazaƙa ta gwamnatin tarayya da ke Suleja. Akwai kuma wanda ɓangarorin biyu ke yi wa mummunar fahimta: yaron da yana cikin magana zai ƙame, ido a kafe, daƙiƙa goma ko makamancin haka, ya dawo bai san an yi ba, sau da yawa a yini. Mai duba ya ce aljanu sun sauka, malami ya ce raini ne. Wannan na iya zama wani nau'in farfaɗiya da ba ya kayar da mutum, ana gano shi da gwajin ƙwaƙwalwa na EEG, yana kuma jin magani. Wurin likita ya kamata a nufa, ko da za a kai ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato.

Inda muka maƙale shi ne iyaye. Da an buɗe baki sai su ce 'yan boko sun musanta aljanu, alhali Suratul Jinn tana cikin Alƙur'anin da muke karantawa. Abin da muke musantawa shi ne wani ya san gaibu, kuma hadisi ya zo a Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. To mu ne za mu faɗi wannan, ko liman za mu gabatar? Gwajin kwanonin nan, a yi shi gaban iyaye? Muna tsoron yaron da aka daɗe ana cewa yana gani ya ji an tozarta shi, ko a koma ana kiransa maƙaryaci. Kuma idan uba ya gamsu amma tsohuwa ta kafe, shi ba ya iya tsallake maganar mahaifiyarsa, wa za a aika mata?

Allah ya ƙara basira.

Wasu malaman firamare,
Argungu, Jihar Kebbi