Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Ɗalibanmu da Kayan Bincike na Intanet

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi ɗaliban manyan makarantunmu, musamman masu rubuta kundin digiri na biyu da na uku. Duk lokacin da aka tashi zancen raunin bincike a jami'o'inmu, abin da ake fara ambata shi ne rashin kuɗi da tsufan littattafan ɗakunan karatu da tsadar mujallun ƙasashen waje. Ba na musun ko ɗaya daga ciki. Sai dai a matsayina na wanda ya daɗe yana duba kundayen ɗalibai, na ga wata matsalar da ta fi waɗannan sauƙin magani, wato ba a koya wa ɗalibanmu aiki da kayan binciken da ke intanet, alhali da yawa daga cikinsu ko kwabo ba a biya.

Ɗalibi zai kwashe taken bincikensa gaba ɗaya ya zuba a Google, ya ɗebi abin da ya fito a shafin farko, sannan ya zo ya ce wa malaminsa ba a yi rubutu a kan batun ba. Da yawansu ba su san cewa tun shekarar 2004 akwai Google Scholar ba, wanda aka keɓe domin rubuce-rubucen ilimi. Waɗanda suka san shi kuma ba safai suke lura da abin da ya fi amfani a cikinsa ba: a ƙarƙashin kowace maƙala yana nuna waɗanda suka kafa hujja da ita daga baya, ta yadda idan mutum ya samu ingantaccen aiki guda na shekarun 1990, zai iya bin sawunsa har zuwa bana, ya ga wanda ya goyi bayansa da wanda ya ƙaryata shi. Wannan shi ne bitar ayyukan da suka gabata, ba jera sunayen marubuta a babi na biyu ba.

Batun tsadar mujallu ma akwai abin da ba a faɗa. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin Hinari, a 2003 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta biyo da AGORA, daga baya aka ƙara na muhalli da na fasaha da na shari'a, aka haɗe su a ƙarƙashin Research4Life. Manufar shirin ita ce makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu dubban mujallu kyauta ko a farashi mai rahusa. Makaranta ce take yin rajista, ɗakin karatu kuma shi ne yake riƙe da kalmar sirri. Na san wurin da aka yi rajistar, amma kalmar sirrin ta zauna a aljihun teburin mutum ɗaya, ɗalibai suna ta roƙon 'yan'uwansu da ke karatu a Malesiya da Ingila su sauko musu da maƙalun da makarantarsu take da izinin buɗewa. Ban da wannan akwai African Journals Online da aka kafa a 1998, inda mujallun Najeriya suke da yawa, da kuma DOAJ da Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin ta fara a 2003, wanda yake tattara mujallun da kowa zai iya karantawa ba biya.

Inda na fi ganin asara shi ne wajen alƙaluma. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da babban binciken lafiya da yanayin al'umma a 2018, kamar yadda ta yi a 2008 da 2013, kuma an zuba sakamakon a wani dandali mai suna STATcompiler. A can mai bincike zai zaɓi ƙasa da shekara da abin da yake nema, ko rigakafin yara ne ko haihuwa a asibiti ko karatun mata, nan take jadawali ko taswira ta fito masa, ya kwatanta Arewa maso Yamma da sauran shiyyoyi, ko ya kwatanta Najeriya da Nijar. Amma har yanzu ina karanta kundaye a fannin lafiya da zamantakewa inda ɗalibi yake kwaso adadi daga wata tsohuwar jarida, bai san daga ina jaridar ta samo shi ba.

Haka abin yake wajen tattara bayanai a ƙauyuka. Ɗalibi zai kashe kuɗi ya buga takardun tambayoyi ɗari uku, wasu su jiƙe da damina, wasu a cike su rabi, sannan ya kai wa mai shagon kwamfuta ya shigar masa da su, kurakurai su ƙaru. Manhajar KoboToolbox, wadda aka bunƙasa a wata cibiyar ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard, tana ba mutum damar tsara tambayoyinsa da Hausa a wayar Android, ya cike su a inda babu sabis ko kaɗan, idan ya dawo gari ya tura. Tana hana tsallake tambayar da aka wajabta, tana kuma iya ɗaukar wurin da aka yi hirar, abin da zai rage cike takardu a ƙarƙashin bishiyar makaranta da sunan an je ƙauye. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji a Borno da Yobe sun daɗe da sanin irin waɗannan manhajoji. Ɗalibin da ya iya su ya samu sana'a tun kafin ya kare kundinsa.

Wajen tsara manazarta kuwa, wato jerin ayyukan da mai bincike ya kafa hujja da su, Zotero da Jami'ar George Mason ta fitar a 2006 kyauta ce, tana adana duk abin da mutum ya karanta, ta jera masa shi bisa tsarin rubuta manazarta na APA ko wanda sashensa ya zaɓa. Masu nazarin harshe da tarihi su ma ba a bar su a baya ba, domin ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana intanet, Jami'ar Boston ta ɗora hotunan rubuce-rubucen ajami na Hausa, Ɗakin Karatun Birtaniya kuma ya ɗora tsofaffin takardu daga Arewacin Najeriya. Abin takaici ne mu riƙa karanta rubutun kakanninmu ta hannun baƙi, amma wannan zance ne na wata rana.

Wajibi ne in yi gargaɗi a nan, domin rashin koyarwar nan ba ta hana ɗalibai shiga intanet ba, ta dai bar su sun shiga ba jagora. Tun da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai rubuta wa mutum amsa, ya bayyana a ƙarshen 2022, ana samun kundaye masu jerin manazarta tsaf, da sunan marubuci da shekara da lambar shafi, amma idan aka bincika sai a tarar babu maƙalar a duniya. Ba ɗalibanmu kaɗai abin ya ruɗa ba, domin a 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in ƙarya da manhajar ta ƙago musu. Ga kuma mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba, waɗanda har malamai masu neman ƙarin girma suke faɗawa tarkonsu. Ɗalibin da aka nuna wa yadda ake gwada lambar DOI, wato lambar shaida da ake ba maƙala a intanet, da yadda ake duba ko mujalla tana cikin DOAJ, zai gane jabu cikin minti biyu.

Kirana ga makarantun gaba da digiri shi ne a fitar da darasin dabarun bincike daga aji a kai shi ɗakin kwamfuta, a sa ma'aikatan ɗakin karatu su koyar da wannan ɓangare domin su ne gwanayensa, kuma kada a saurari shimfiɗar binciken ɗalibi sai ya nuna ya iya neman maƙala ya tantance ta da hannunsa. Ya kamata a fara da mu malamai, musamman manyanmu, tunda wanda bai san kayan aiki ba ba zai tambayi ɗalibi a kansu ba. Hukumar TETFund, wadda ta gina ɗakuna masu kyau a makarantu da dama, ta duba ta ga ko akwai wuta da intanet a cikinsu. Sannan kowace jami'a ta ɗora kundayen ɗalibanta a intanet kamar yadda Jami'ar Ahmadu Bello take yi a rumbunta na Kubanni, domin ɗalibin Sakkwato ya san abin da aka riga aka rubuta a Maiduguri kafin ya zaɓi take.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Wassalam,
Wani malamin jami'a, daga Kano